Haɗuwar abokai a ƙarshen shekara: a hana zancen siyasa ko a bar kowa ya faɗi albarkacin bakinsa?

Tsohon_Ɗalibi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani lamari da ya tsaya mini a rai tun shigowar Disamba. Mu abokai ne da muka yi karatu tare, daga baya neman abin kai ya warwatsa mu, wasu suna gari mai nisa, wasu ma sun tsallaka wata ƙasa, kuma ƙarshen shekara ne kaɗai lokacin da ofisoshi da makarantun yara suke rufewa har mu samu sukunin haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinmu. A bara taron ya watse baram-baram saboda gardamar siyasa, har mutum biyu suka shafe watanni ba sa gaisawa. Bana mai masaukinmu ya kawo shawarar a kafa doka tun kafin kowa ya sayi tikiti, cewa duk wanda ya tsoma baki a siyasa a ci shi tara. Wasu sun yi na'am, wasu kuma sun ce idan sai an ɗaure musu baki, gara su yi zamansu a gida. Wace hanya ce ta fi tsare zumunci, hana zancen ko barinsa? Kuma doguwar tafiya irin wannan ta cancanci wahalarta idan za a je ne a zauna ana kaffa-kaffa da juna?

Uwar_Biyu:
Wa'alaikumus salam. Ni dai ina bayan mai masaukinku ɗari bisa ɗari. Wanda bai taɓa saukar da baƙi a gidansa ba bai san abin da ake nufi da mutum ya yi mako yana gyara ɗakuna, yana aron katifu, yana lissafin wa zai kwana ina, sannan cikin rabin sa'a manyan mutane su mayar masa da falo dandalin yaƙin neman zaɓe a gaban yaransa ba. Shekara guda cur kowa yana da ita don gardama a waya. Kwana biyu ko uku da aka ware don ganin juna ba su yi yawa ba a ce an keɓe su daga wannan.

Malamin_Tarihi:
Hajiya Uwar_Biyu, na fahimci uzurin mai gida, amma ina ganin shiru ya fi gardama kashe abota. Akwai misalin da nake yawan ba ɗalibaina. John Adams da Thomas Jefferson sun yi gwagwarmayar neman 'yancin Amurka tare, daga baya suka zama abokan hamayya, kuma a zaɓen 1800 Jefferson ya kayar da Adams bayan magoya bayansu sun yi wa juna cin mutunci iri-iri a jaridu. Sun yi kusan shekara goma sha biyu ba sa rubuta wa juna ko layi ɗaya, sai a 1812 wani abokinsu likita, Benjamin Rush, ya shiga tsakani. Abin lura shi ne, da suka shirya ba su ce a ajiye siyasa gefe ba. Sun yi musayar wasiƙu fiye da 150, kuma da yawansu muhawara ce a kan mulki da addini da falsafa, irin batutuwan da suka raba su tun farko, har Allah ya karɓi ransu a rana ɗaya, 4 ga Yulin 1826. Saɓanin yana nan daram, abin da ya ragu shi ne son a yi nasara a kan juna.

Mai_Lissafi:
Malam, labarin yana da daɗin ji, sai dai mutum biyu ne kacal, kuma a rubuce suke muhawara, inda mutum yake da makonni ya huce kafin ya ba da amsa. Abin da ke faruwa da jama'a ido da ido daban ne. A 2018 mujallar Science ta buga wani bincike na Keith Chen da Ryne Rohla, waɗanda suka yi amfani da bayanan wayoyin salula na Amurkawa sama da miliyan 10 don ganin tsawon lokacin da mutane suka zauna a gidajen da suka ziyarta ranar bikin godiya na watan Nuwamban 2016, makonni kaɗan bayan zaɓen Trump da Hillary Clinton. Sun gano cewa inda baƙo da mai gida suka fito daga yankunan da suka zaɓi jam'iyyu daban, zaman ya ragu da minti 30 zuwa 50 idan aka kwatanta da inda ra'ayi ya zo ɗaya. Saboda haka tsoron mai masaukin nan yana da tushe.

'Yar_Jarida:
Yaya Mai_Lissafi, binciken ya nuna lokacin da mutane suka tashi, amma waya ba ta ji abin da aka faɗa a ɗakin ba. Mai yiwuwa an yi cacar baki, mai yiwuwa kuma kowa ya kama bakinsa ne har zaman ya gundure su suka yi sallama da wuri, wanda hakan hujja ce ga Malamin_Tarihi. Ni abin da nake so a duba shi ne abin da ya faru a shekarar 2024. An yi zaɓe a ƙasashe fiye da 60 a 2024. A Birtaniya jam'iyyar Leba ta kawo ƙarshen mulkin shekara 14 na masu ra'ayin riƙau ranar 4 ga Yuli. A Afirka ta Kudu jam'iyyar ANC mai mulki ta rasa rinjayenta karon farko tun 1994, ta tsaya a kusan kashi 40 cikin ɗari, dole ta shiga gwamnatin haɗaka. A Indiya jam'iyyar Narendra Modi ta samu kujeru 240, alhali ana buƙatar 272 kafin a kafa gwamnati ba tare da ƙawaye ba. A Amurka Trump ya sake cin zaɓe ranar 5 ga Nuwamba. Ko a watan Disamban 2024 kaɗai, shugaban Koriya ta Kudu ya ayyana dokar soja ranar 3 ga wata, majalisa ta tilasta masa janye ta cikin sa'o'i, ta kuma kaɗa ƙuri'ar tsige shi ranar 14, sannan Bashar al-Assad ya tsere daga Siriya zuwa Rasha ranar 8. Mutane masu ilimi da suka taso daga ƙasashe daban-daban za su zauna a ƙarshen irin wannan shekara, sai a ce musu kada wanda ya ambaci ko ɗaya daga ciki? To a kan me za su yi hira?

Uwar_Biyu:
A kan 'ya'yansu, da lafiyar iyayensu, da wanda ya rasa aiki bai gaya wa kowa ba. Ƙanwata, jerin da kika kawo duk yana cikin jarida, kowa ya karanta. Halin da abokinka yake ciki ne ba za ka samu a jarida ba, kuma na sha ganin an tashi daga taro kowa ya san ra'ayin kowa a kan shugaban wata ƙasa, amma ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa ina aka kwana da jinyar mahaifiyarsa.

Direban_Dare:
Ku gafarce ni zan ɗan karkata zuwa tambaya ta biyu, wato wahalar tafiyar, domin sana'ata ce. Kafin a kai ga zancen siyasa sai an isa lafiya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a haɗarin mota duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A ƙarshen shekara abubuwa uku suke haɗuwa a kan titi: cunkoso, da gaggawa, da gajiya. Mutum ya tashi daga aiki da yamma, ya loda iyali da kaya, ya ce zai yi tafiyar dare don ya riga cunkoson safe. Gyangyaɗi ba ya sallama. Na taɓa zama a gefen wani abokin aikina wajen ƙarfe uku na dare, idonsa a buɗe, hannunsa a kan sitiyari, amma motar tana sulalewa sannu a hankali zuwa ɗaya hannun, sai da na daka masa tsawa ya zabura, kuma ya rantse bai yi barci ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka rufe ido na daƙiƙa uku tafiya ce ta sama da mita 80 ba direba. Shawarata ga masu zuwa da mota ita ce a kwana a gida a tashi da asuba, a huta duk bayan sa'a biyu, a duba taya da burki tun kwana biyu kafin tafiya, kowa ya ɗaura bel har na kujerar baya.

Dattijon_Zaure:
Allah ya yi maka albarka, ɗana Direban_Dare. Zan ƙara da cewa gajiyar hanya tana da hannu a rigimar da ake magana a kanta. Wanda ya kwana a tasha ko a filin jirgi, ya iso da ciwon kai, haƙurinsa ya riga ya ƙare kafin a ce masa sannu da zuwa. A iya sanina, yawancin faɗan irin wannan taro a daren farko ake yinsa. Da ni ne mai masaukin, dokar da zan kafa ita ce ba wata doguwar hira sai kowa ya yi barci ya wartsake.

Mai_Fasfo:
Tun da an taɓo filin jirgi, bari in sa baki. A ƙarshen Disamba kujeru cike suke, don haka idan aka soke tashin jirginka, samun gurbi a na gaba yana iya ɗaukar kwanaki, ba kamar a sauran watanni ba. Masu tafiya Ingila ba za su manta da Disamban 2018 ba, lokacin da rahoton ganin ƙananan jirage marasa matuƙi ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick, aka soke ko aka karkatar da kimanin jirage 1,000, fasinjoji wajen 140,000 suka shiga tasku ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Ni kaina wani kamfani ya taɓa barinmu a zaune tun azahar, allon sanarwa yana ƙara sa'a ɗaya a kan ɗaya, ga wata baiwar Allah a gefena ta shimfiɗa wa jaririnta mayafi a kan akwati, sai tsakar dare aka ce mu dawo gobe. Abin da nake so mutane su sani shi ne akwai dokar da ta ba fasinja diyyar Yuro 250 zuwa 600 idan jirgi ya makara sa'a uku, amma kamfanoni ba sa gaya wa kowa.

Lauya_Mace:
Malam Mai_Fasfo, a yi hattara kada wani ya je ya ɗaga murya a inda ba shi da haƙƙi. Dokar da kake nufi ta Tarayyar Turai ce, mai lamba 261 ta 2004, kuma ba ta shafi kowane jirgi a duniya ba. Tana aiki ne idan jirgin ya tashi daga filin jirgin wata ƙasar Tarayyar, ko wane kamfani ne, ko kuma idan zai sauka a can kuma kamfanin na Tarayyar ne. Yawan kuɗin ya danganta da nisan tafiyar, ana kuma lissafin jinkirin ne da lokacin isa, ba lokacin tashi ba. Sannan idan dalilin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi ko rufe filin jirgi irin na Gatwick da ka ambata, babu diyyar, sai dai kulawa da masauki da mayar da kuɗin tikiti ko sauya jirgi. Wadda ta fi faɗi ita ce Yarjejeniyar Montreal ta 1999, da ta shafi tafiya tsakanin ƙasashen da suka sa mata hannu. A ƙarƙashinta, idan akwatinka ya iso a lalace kana da kwana 7 ka kai ƙorafi a rubuce, idan kuma ya makara kana da kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka shi. Kada mutum ya bar filin jirgi bai cike takardar ɓatan kaya ba, kuma ya adana ɗan tikitin da ake liƙa masa na akwatin.

Mai_Fasfo:
Na gode da ƙarin bayanin, ranki ya daɗe. Duk da haka mutum ya tambaya, domin ko a wajen Turai ƙasashe da dama suna da nasu ƙa'idojin kare fasinja.

Tsohon_Ɗalibi:
Na gode ƙwarai da waɗannan shawarwari, zan tura wa masu zuwa ta sama da masu zuwa da mota. Bari in fayyace yadda abin ya faru a bara, wataƙila zai taimaka. Hirar siyasar ta fara lami lafiya, ana ta raha, kowa yana tsokanar gwanin wani. Can sai ɗaya daga cikinmu ya zaro waya ya ce a tsaya a kalli wani bidiyo, wanda a cikinsa ake kiran duk magoya bayan wani ɓangare jahilai ko sayayyu. Ya ƙure ƙarar, ya ɗora wayar a kan tebur, yana dariya yana kallon wani abokinmu da kowa ya san can ya jefa ƙuri'arsa. Shi kuwa bai ce uffan ba. Ya jira bidiyon ya ƙare, ya laluba makullinsa a ƙarƙashin matashin kujera, ya ce bari ya duba ko ya kulle mota. Bayan ɗan lokaci sai muka ji tashin injin, kuma bai ɗaga wayar kowa ba har muka watse.

Malamin_Tarihi:
To ai wannan ya sauya tambayar gaba ɗaya. Abin da ya kori abokinku wulaƙanci ne a bainar jama'a, da bakin wani baƙo da ba ya cikin ɗakin kuma ba za a iya mayar masa da martani ba. Idan kuka hana siyasa alhali mai wayar bai ba da haƙuri ba, kun hukunta kowa a kan laifin mutum ɗaya, shi kuma kun ba shi mafaka.

Lauya_Mace:
Na yarda da Malam a nan. Kuma tun da ya kawo misali daga tarihi, ga wani na kusa daga fagen aikina. Antonin Scalia da Ruth Bader Ginsburg sun yi alƙalanci a Kotun Ƙolin Amurka, shi jigo a ɓangaren masu ra'ayin riƙau, ita jigo a ɓangaren masu sassaucin ra'ayi, kuma a manyan shari'o'i da yawa sun rubuta hukunce-hukunce masu karo da juna da kalamai masu zafi. Duk da haka shekara da shekaru iyalansu tare suke raya daren shiga sabuwar shekara, har rasuwarsa a 2016. Abin da ya riƙe su shi ne kowannensu yana sukar hujjar ɗan'uwansa ba tare da ya tuhumi hankalinsa ko niyyarsa ba. Da ni za a tambaya, dokar da ta dace ita ce a ajiye wayoyi a wani ɗaki lokacin hira, duk mai ra'ayi ya faɗe shi da bakinsa yana kallon idon wanda yake yi wa magana. Mutum yakan tauna kalma idan shi zai furta ta.

Ɗan_Adawa:
Ranki ya daɗe, da ke da Malam duk misalanku na manya ne waɗanda ko wa ya ci zaɓe albashinsu yana nan, gidansu yana nan. Sauƙi ne alƙalai biyu su yi saɓani da rana su yi liyafa da dare. Ina da abokin aiki ɗan Sudan wanda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya raba danginsa da Khartoum, suna cikin mutum sama da miliyan 10 da suka bar gidajensu. Shi bana ba shi da inda zai je hutu. Idan ya zauna a taro wani ya fara kare ɗaya daga cikin janar-janar ɗin da suka jawo wannan, za ku ce masa ya ɗauke shi a matsayin bambancin ra'ayi? Akwai siyasar da ta tsaya a kan haraji da kasafin kuɗi, akwai kuma wadda ta taɓa rai da mutuncin mutum. Ba kowace abota ce ta wajaba a ceto ba.

Dattijon_Zaure:
Maganarka tana da nauyi, ɗana, kuma ba wanda zai ce wa mai gudun hijira ya yi murmushi ga mai yi masa dariya. Amma ka lura, yawancin abin da ke raba abokai bai kai nan ba, mu ne muke kai shi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mutanen da suke ganin juna sau ɗaya a shekara, sauran watanni goma sha ɗaya kuwa abin da kowa ya sani game da ɗan'uwansa shi ne abin da yake turawa a WhatsApp da Facebook, dole su iso taro kowa ya riga ya yanke wa kowa hukunci. A zamaninmu kana jin ra'ayin mutum a ranar da ka ga ya zo duba ka a asibiti, sai ka auna biyun tare. Yanzu ra'ayin kaɗai ke isowa.

Mai_Lissafi:
Baba, akwai binciken da ya goyi bayanka. Robin Dunbar na Jami'ar Oxford ya daɗe yana nuna cewa mutum ba ya iya riƙe alaƙa mai ma'ana da fiye da mutum 150 ko kusa da haka, kuma na jiki sosai ba sa wuce biyar, sannan abota tana yin sanyi idan aka daina haɗuwa fiye da yadda dangantakar jini take yi. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas kuma ya ƙiyasta a 2018 cewa ana buƙatar sama da sa'a 200 tare kafin mutum ya zama amini. Idan haka ne, Malam Tsohon_Ɗalibi da abokansa suna cin ajiyar da suka tara tun suna makaranta ne, kuma kwana biyu a shekara ba ya mayar da abin da ake cirewa. Don haka amsata ga tambayarsa ta biyu ita ce tafiyar ta cancanta, har ma ta yi kaɗan.

'Yar_Jarida:
Zan koma kan abin da Yaya Uwar_Biyu ta ce, cewa a yi hirar wanda ya rasa aiki a bar siyasa. Ni ban ga inda za a ja layin ba. Wanda ya rasa aiki, da wanda bana ya kasa sayen tikitin zuwa taron, idan ka tambaye su dalili, a jimla ta biyu za su ambaci gwamnati. Abin da ya kayar da masu mulki a wurare da yawa a 2024 ke nan: tsadar rayuwar da ta biyo bayan annobar korona da yaƙin Rasha da Yukiren na 2022. Masu ra'ayin riƙau sun faɗi a Birtaniya, masu sassaucin ra'ayi sun faɗi a Amurka, wanda ke nuna cewa jama'a ba wata aƙida suka zaɓa ba, wanda suka tarar a kan kujera suka hukunta. Wannan kaɗai ya isa ya sanyaya gardamar abokai, domin wanda ka ɗauka maƙiyin aƙidarka ne wataƙila kuɗin haya ne ya ishe shi.

Malamin_Tarihi:
Akwai ma abin farin ciki da za a iya tattaunawa ba tare da an ɓata ba. A Senegal, Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku kwana goma kafin zaɓen 24 ga Maris na 2024, ya kuma lashe shi tun a zagayen farko. A Botswana jam'iyyar da ke mulki tun samun 'yanci a 1966 ta sha kaye a ƙarshen Oktoban shekarar, shugaban ƙasar na lokacin Mokgweetsi Masisi ya miƙa wa Duma Boko mulki ba tare da jayayya ba. A Ghana Mahamudu Bawumia, ɗan takarar jam'iyya mai mulki a lokacin, ya kira abokin hamayyarsa John Mahama ya taya shi murna washegarin zaɓen 7 ga Disamba, tun hukumar zaɓe ba ta sanar da sakamako ba. Idan wanda ya rasa fadar shugaban ƙasa zai iya ɗaga waya, ban ga dalilin da zai hana mai bidiyon nan ya kira abokinsa ba.

Ɗan_Adawa:
Malam ya zaɓo masu daɗin ne kawai. A Mozambik an yi zaɓe ranar 9 ga Oktoban 2024, aka ce jam'iyyar Frelimo mai mulki tun 1975 ta sake ci, 'yan adawa suka ce an yi maguɗi, kuma aka shafe watanni ana zanga-zanga ana rasa rayuka, har aka riƙa rufe babbar mashigar kan iyakarsu da Afirka ta Kudu. Masu son zuwa gida hutu ta wannan hanya siyasa ce ta tare su a kan titi, ba su suka neme ta ba. Shekarar ba ta koyar da darasi ɗaya ba, kowa ya ɗauki wanda ya dace da abin da ya riga ya yarda da shi.

Uwar_Biyu:
Kun gani ko? Mu nan ba mu ma san fuskar juna ba, ga shi daga tambayar taron abokai mun isa Mozambik, kuma muryoyi sun fara tashi. Wannan shi ne abin da mai masaukin yake gudu. Ban sauka daga ra'ayina ba, sai dai na karɓi gyaran Hajiya Lauya game da waya, kuma na yarda cewa wanda ya kunna bidiyon shi ya kamata ya fara neman sulhu tun kafin ranar, ba a falon mutane ba. Amma ku sani, duk dokar da kuka kafa, mai gida da matarsa ne za su kwana da abin da ya biyo baya, don haka ra'ayinsu ya fi na kowa nauyi.

Direban_Dare:
Idan shi wanda ya yi fushin zai zo da mota, a haɗa shi tafiya da wanda ya ɓata masa rai, su riƙa karɓar tuƙi. Na ga mutane da yawa sun shiga mota ba sa magana da juna, kafin a yi rabin hanya dole ɗaya ya ce wa ɗaya ya duba masa ko akwai mota a baya.

Lauya_Mace:
Ko kuma su isa ba mai iya kallon wani, Malam Direba, ga sitiyari a hannun mai fushi. Ni ban ba da wannan shawarar ba. Malam Tsohon_Ɗalibi, akwai abin da har yanzu ba ka gaya mana ba: shi wanda ya tafi a bara, an tambaye shi abin da yake so? Yana cikin masu goyon bayan tarar, ko yana cikin masu cewa gara su zauna a gida? Kuma idan aka kafa dokar, wa zai yanke hukuncin cewa magana ta zama siyasa, tun da ko kukan tsadar tikiti wani zai iya cewa suka ce ga gwamnati?